Wa Zai Rubuta Wa Ɗan Kasuwar Idumota?

Duk sa'ad da aka zauna hirar littattafai a harabar jami'ar nan, idan zance ya biyo ta kan durƙushewar tattalin arziki, sai a ji 'yan'uwanmu masu karatu suna ta koɗa The Big Short, littafin da Michael Lewis ya fitar a 2010 game da rushewar kasuwar bashin gidaje ta Amurka a 2008. Wai babu kamarsa wajen tona yadda bankuna ke caca da dukiyar jama'a. Ba mu musa ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne hukuncin da suke rufe hirar da shi, cewa Bahaushe ba ya karanta irin wannan, shi dai a ba shi labarin soyayya.

Wannan magana ce ta wanda bai taɓa sauka Idumota ba. Duk mai shakka ya je gindin gadar Carter a tsibirin Ikko, ya zauna da 'yan canji da fataken da suka taso daga Agege tun da asuba. A watan Satumba na 1986, da gwamnatin Babangida ta fara gwanjon kuɗin waje ƙarƙashin shirin SAP, Dala ta haura Naira 4, alhali a farkon shekarun 1980 Naira ce ke gaba da ita. A Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya, ajiyar jama'a ta maƙale a ciki. A farkon 2023 kuma canjin takardun Naira ya sa mai goro da mai shanu suka koma sayen kuɗi da kuɗi. Waɗannan mutane su suka sha wannan ɗaci, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta yaya za a ce ba su da sha'awar littafin da zai bayyana musu dalilin asararsu?

Gaskiyar magana, laifin namu ne. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya rubuta Nigeria Against the IMF tun 1986, amma da Turanci. Mu da muka kwashe shekaru muna nazarin Hausa, me ya hana mu kai wannan bayani ga mai rumfa cikin harshensa? Mun hana shi littafi, sannan mun dawo muna zarginsa da ƙin karatu.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da malaman wannan sashe da su bar yabon littafin wasu haka nan. Idan hutu ya zo, a ɗauki alƙalami da rikoda a nufi Agege da Idumota. Dattawan da suka ga faɗuwar Naira a 1986 suna ta raguwa, kuma duk wanda ya kwanta dama ya tafi ke nan da labarinsa.