Ko Sin Ta Gaza Ko Ta Ci Gaba, Maganinsu Ɗaya Ne

A wannan makon ma rahotannin cibiyoyin nazarin manufofi na Washinton kan ƙirƙirarriyar basirar ƙasar Sin sun ɓata mini rai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kafofin labarai ke kwaso su, su karanta mana, ba tare da tambayar wane ne ya rubuta ba, kuma da kuɗin wa.

A watan Oktoban 2022 gwamnatin Biden ta taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen kwamfuta irin na kamfanin Nvidia. Gregory Allen na cibiyar CSIS ya yi sharhi, tun daga takensa ya kira matakin shaƙe Sin. Shawarar da ta yi ta fitowa daga irin waɗannan cibiyoyi ita ce a ƙara matsawa. Sai ga Janairun 2025, wani kamfani na birnin Hangzhou mai suna DeepSeek ya saki manhajarsa R1, kowa ya sauke kyauta. Ranar 27 ga watan darajar Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a yini guda. Me masana suka ce? A ƙara matsawa, a ƙara zuba kuɗi. In Sin na baya, takunkumi na aiki, a tsaurara shi. In ta kamo, an yi sakaci, a tsaurara shi. Nazarin da amsarsa ba ta sauyawa komai hujjar da ta bayyana, ni ban ɗauke shi nazari ba.

Masu bin wannan shafi sun san ba na gajiya da labarin 1957. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik, kwamitin Rowan Gaither, mutumin da ke shugabantar hukumar amintattun cibiyar RAND, ya tsorata Amurka cewa Moskow na gab da yi mata fintinkau a makamai masu linzami. Shugaba Eisenhower bai gamsu ba. Kennedy ya hau kan maganar ya yi yaƙin neman zaɓe a 1960. Da hotunan tauraron leƙen asiri suka iso, sai aka ga makaman Sobiyat masu ƙetare nahiya ƙalilan ne, Amurka ce ke gaba nesa ba kusa ba. Amma bakin alƙalami ya bushe, an riga an ware kuɗi, masana'antun makamai sun samu kwangila, Moskow kuma ta shiga ƙera nata ba ji ba gani. Tsoron ƙarya ya taimaka wajen haifar da tsere na gaske. Shi ya sa gabana ya faɗi da na ji wata hukumar majalisar dokokin Amurka, a Nuwamban 2024, tana neman a kafa wa ƙirƙirarriyar basira shiri irin na Manhattan, wanda ya haifi bam ɗin nukiliya.

Sin ba waliyyiya ba ce: sa idon da take yi wa 'yan Uighur a Xinjiang zalunci ne, manhajar DeepSeek kuma na kauce wa tambaya kan zanga-zangar dandalin Tiananmen.

Amma a duba masu biyan kuɗin. Cibiyoyin CSIS da CNAS da kansu suke wallafa sunayen masu tallafa musu, kuma akwai kamfanonin makamai irin su Northrop Grumman a ciki. Cibiyar ASPI ta Ostireliya, wadda ta ce a 2023 Sin ce kan gaba a fasahohi 37 cikin 44, ma'aikatar tsaron ƙasar ce babbar mai ɗaukar nauyinta. Eric Schmidt, tsohon shugaban Google, ya jagoranci hukumar da ta yi gargaɗi kan Sin a 2021, sannan ya kafa tasa cibiyar. Wannan rashin kunya ne a kira shi ra'ayi mai zaman kansa.

Kuma tsoron nasu yana taɓa mu. Ƙa'idar da Biden ya fitar a Janairun 2025 ta kasa duniya gida uku, ta sa Nijeriya a rukuni na biyu, na masu sayen ƙwaƙwalen da iyaka, don kada su sulale zuwa Sin. Gwamnatin Trump ta janye ta a watan Mayu. Da aka sa da aka cire, babu wanda ya nemi jin ta bakinmu.