Sharhi: Yadda Sauro Ya Kwantar Da Dawakin Sukuwa A Japan

A ƙasar Japan akwai wani babban sansanin horar da dawakin sukuwa da ake kira Miho, cikin lardin Ibaraki. A shekarar 1978, watau shekarar da aka buɗe shi, wani zazzaɓi ya ɓarke a wurin cikin kaka, ya kama dawaki fiye da 700 daga cikin kimanin 1,900. Dokin da ya kamu sai ya yi zazzaɓi, ƙafafunsa su kumbura, ƙuraje su feso masa a jiki.

Da likitocin dabbobi suka bincika, sai suka tarar ƙwayar cutar Getah ce, wadda aka fara ganowa a jikin sauro a Malesiya cikin 1955. Sauro ne ke ɗaukar ta daga dabba zuwa dabba, aladu kuwa su ne matattararta, domin a jininsu take hayayyafa. Ba kasafai take kisa ba, yawanci doki yakan warware cikin mako guda ko biyu. Amma ga mai dokin sukuwa wannan ba ƙaramar hasara ba ce, gama horo ya tsaya, gasa ta wuce, abinci da albashin masu kiwo kuwa ba su tsaya ba.

Hukuma ba ta yi sanyin jiki ba. Aka samar da allurar rigakafi, aka riƙa yi wa dawaki kowace shekara. Shekaru fiye da 30 Miho yana zaune lafiya, har aka ɗauka an rabu da cutar.

Kwatsam cikin 2014 sai ga ta ta komo, aka tabbatar da ita a jikin dawaki fiye da 30, ta kuma sake ɓullowa cikin 2015. Bincike ya nuna cewa ta fi kama 'yan shekara biyu waɗanda allura ɗaya tak aka yi musu, ba a kai ga ta biyu ba. Har ila yau an ga alamar cutar tana yawo cikin aladun da ke kewayen sansanin.

Abin lura a nan shi ne, shirun cuta ba ya nufin ta ƙare. Ma'aikacin da ke tsara rigakafi lalle ne ya tabbata an cika allura kafin lokacin sauro, ya sa ido kan dabbar da ta shigo sabuwa, ya kuma san halin da garken maƙwabta ke ciki, tun da yake sauro bai san shinge ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.