DODO CIKIN KASET NA TSINTUWA: KO GANI YA KORI JI?

Ran 18 ga watan Janairu na shekara ta 2008, gidajen sinima na ƙasar Amurka suka soma nuna wani fim mai suna Cloverfield. Labarin da ke cikinsa gajere ne: wani ƙaton dodo mai tsawon manyan benaye ya faɗa wa birnin Niyu Yok cikin dare guda. Masu kallo sun saba da irin wannan labari, gama tun shekara ta 1933 suka ga ƙaton birin nan King Kong ya hau benen da ya fi kowane tsawo a birnin. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne hanyar da aka bi wajen ba da labarin. Kafin a nuna fuskar kowa, sai rubutu ya fito bisa allo yana shaida cewa wannan kaset ne na ma'aikatar tsaron Amurka, wanda aka tsinta a wurin da dā a ke kira lambun Central Park. Daga nan har ƙarshe, duk abin da mai kallo ya gani, ta cikin ƙaramar kamara guda ya gan shi, wadda wani saurayi ke riƙe da ita yana gudu.

An kashe kimanin dalar Amurka miliyan 25 wajen shirya fim ɗin, ya kuwa maido sama da miliyan 170. Mutanen da suka biya waɗannan kuɗɗi sun san sarai wasa ne aka shirya musu. Waɗansu jiri ya kama su saboda girgizar hoto, har wasu gidajen sinima suka manna takardar gargaɗi a bakin ƙofa. To, mi ya sa mutum zai ba da kuɗɗinsa domin ya kalli hoto mai rawa, wanda dodon ma ba ya fitowa cikinsa sai jefi-jefi? Dalili shi ne irin wannan fim ya sauya wa mai kallo mazauni. Ya tashe shi daga kujerar masu mulki, ya aje shi tsakiyar talakawan da ke neman wurin ɓuya. Nan ne daɗinsa ya ke, kuma nan ne ya kamata mai hankali ya yi hattara.

Domin a gane wannan sauyi, sai a tuna da yadda a ke yin sinimar dodo tun farko. Cikin shekara ta 1954 kamfanin Toho na ƙasar Japon ya fito da Gojira, wanda duniya ta fi sani da Godzilla, aikin Ishiro Honda. Shekara 9 ke nan bayan bam na atom ya halaka Hiroshima da Nagasaki. Ran 1 ga watan Maris na wannan shekara ta 1954, tokar gwajin bam da Amurka ta yi a tsibiran Bikini ta zuba bisa wani jirgin masunta na Japon mai ɗauke da mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu bayan ƴan watanni. Saboda haka Gojira, wanda gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin teku, tsoron mutanen Japon ne aka ba shi jiki da ƙafafu. Amma cikin wannan fim mai kallo yana tare da manya. Yana shiga majalisa ya ji muhawara, yana jin bayanin masana a kan asalin dodon, yana nan sa'ad da wani masani ya yanke shawarar yin amfani da makamin da ya ƙera. An tsorata shi, an kuma gaya masa dalili, an nuna masa magani.

Cloverfield, wanda Matt Reeves ya ja ragamar ɗaukarsa, J. J. Abrams kuwa ya ɗauki nauyin shirya shi, ya hana mai kallo duk waɗannan. Fim ɗin ya soma da bukin ban kwana da abokai suka shirya wa wani saurayi mai suna Rob, wanda ya samu aiki a Japon. An ba abokinsa Hud kamara domin ya ɗauki gaisuwar mahalarta. Ana cikin haka ƙasa ta girgiza, wuta ta ɗauke, suka fito bisa hanya, sai ga kan gunkin nan na Ƴanci ya faɗo gabansu kamar an jefo ƙwallo. Daga nan babu mai yi musu bayani. Ɗan abin da suka sani, daga telebijin na wani kanti suka tsince shi, ko daga bakin sojan da ke sauri. Har fim ɗin ya ƙare, ba a faɗi inda dodon ya fito ba, ba a kuwa tabbatar an kashe shi ba. Ana ganin wutsiyarsa sa'ad da ta karya gadar Brooklyn, ana ganin ƙafarsa tsakanin benaye, sa'an nan mai kamara ya juya ya ruga.

Duk wanda masifa ta taɓa rutsawa da shi ya san haka ta ke zuwa. Wanda ambaliya ta ci gidansa cikin dare ba ya ganin taswirar ruwa, abin da ke gabansa shi ne bangon da ke zubewa da yaron da ba a gani ba. Mutanen Niyu Yok ma sun san wannan. Ran 11 ga watan Satumba na shekara ta 2001, sa'ad da aka rushe dogayen benaye biyu na birnin, kusan mutum 3.000 suka mutu, hotuna da yawa na wannan rana kuwa mutanen da ke bisa hanya ne suka ɗauke su da hannu mai rawa. Cloverfield ya maimaita su da gangan: bene ya zube, ƙura ta taso ta cika hanya, mutane suka ɓuya cikin kanti, suka fito jikinsu fari fat. Akwai kuma wata dabara da ta fi dodon taɓa zuciya. Kaset ɗin da Hud ke ɗauka a kansa yana ɗauke da tsohon hoto na wata ranar farin ciki da Rob ya yi da yarinyar da ya ke so, Beth. Duk sa'ad da aka tsaida kamara, sai guntun wancan yini ya ɓullo, sa'an nan masifa ta sake rufe shi. Ta haka mai kallo ya ke gane abin da aka yi hasara.

A ƙasar Norwe an bi wannan hanya da raha. Cikin shekara ta 2010 André Øvredal ya fito da Trolljegeren, wato mafaraucin Troll, manyan dodannin tatsuniyar ƙasar. Ɗalibai uku masu kamara suka bi sawun wani mutum mai suna Hans, suna zaton ɓarawon namun daji ne. Ashe ma'aikacin gwamnati ne, wanda aikinsa kashe dodannin da suka ƙetare iyakarsu, ya kuwa gaji da aikin dare da cika takardu, shi ya sa ya yarda a ɗauke shi. Cikin labarin, hukuma tana ɗora ɓarnar dodanni bisa wata dabbar dajin ƙasar, manyan wayoyin lantarki da suka ratsa duwatsu kuwa ashe shinge ne na tsare su. Ana dariya, amma tushen labarin ɗaya ne da na Cloverfield: hukuma ta san abin da jama'a ba su sani ba, kaset na tsintuwa shi ne ya tona.

Ɗaukar hoto da kamara a hannu yana da tarihi a Nijar. Cikin shekara ta 1946 zuwa 1947, Jean Rouch da abokansa biyu suka bi kogin Kwara cikin jirgin ruwa, ƙafafu ukun da a ke ɗora kamara bisansu suka salwanta a hanya, ya ci gaba da ɗauka da hannu. Daga baya ya ɗauki farautar dorina ta Sorkawan wajen Ayoru, ya sa mata kiɗa kamar yadda aka saba a Turai. Da ya komo ya nuna wa masuntan fim ɗin, sai suka ƙi kiɗan, suka ce dorina tana ji cikin ruwa, kiɗa kuwa ƙara mata ƙarfin hali zai yi. Rouch ya karɓi gyaran. Abin da masuntan Ayoru suka gane, masu Cloverfield sun yi aiki da shi bayan shekara fiye da 50: ban da waƙoƙin da a ke ji wurin buki, ba su sa wa fim ɗin kiɗa ba sai lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa a ƙarshe. Inda kiɗa ya shiga, mai kallo ya san akwai hannun da ya shirya. Inda babu shi, sai ya ji kamar yana wurin.

Akwai wani darasi kuma cikin fim ɗin Rouch na farautar zaki da baka, wanda ya fito cikin shekara ta 1965. Sa'ad da zakin da ke cikin tarko ya kai wa wani makiyayi hari, hoto ya yanke, sai murya da ihu suka rage, domin mai kamara ya daina ɗauka. Haka ɗan Adam ya ke idan haɗari na gaske ya zo. Hud na Cloverfield kuwa bai saki kamara ba ko cikin ramin jirgin ƙasa da ƙananan halittu suka far musu, bai sake ta ba har dodon ya kashe shi. Masu sukar irin wannan sinima sun daɗe suna tambaya: wane mahaukaci ne zai tsaya ɗaukar hoto mutuwa na binsa? Sukar tana da gaskiya. Wataƙila shi ya sa hanyar ba ta jure maimaici ba, gama fina-finai biyu da suka biyo baya da sunan Cloverfield, na 2016 da na 2018, sun bar ta sun koma ɗauka irin ta kullum. Wasu kuma sun ce bai dace a mai da baƙin cikin 2001 abin nishaɗi ba tun shekara 7 ba su cika ba. Amsar wannan tana wurin Japon, inda Gojira ya ba mutane damar duban tsoronsu daga nesa kaɗan, suka kuma fito daga gidan sinima da ransu.

Aibin da ya fi waɗannan girma yana wani wuri. Mai tatsuniya da ke ba yara labarin Dodo da dare yana buɗewa da kalmomin da kowa ya sani, yana rufewa da ƙurunƙus, yaro kuwa ya san inda labari ya tsaya. Sinimar tsintuwa ta cire wannan shinge, ta rantse cewa ita shaida ce. Cikin shekara ta 1980 a Italiya, fim ɗin Ruggero Deodato mai suna Cannibal Holocaust ya kai mai shi gaban shari'a, aka yi ta raɗe-raɗin cewa an kashe ƴan wasan da gaske, alhali suna nan da ransu. Cikin shekara ta 1999 masu fim ɗin The Blair Witch Project suka watsa sanarwar cigiya ta ƴan wasansu uku, suka buɗe shafi a intanet kamar ɓatan gaskiya ne. Kuɗɗin ɗaukarsa bai kai dalar Amurka 100.000 ba, ya tara kusan miliyan 250. Darasin da duniya ta koya daga nan shi ne, hoto mai rawa, mai duhu, mai ihu, ya fi hoto mai kyau saurin shiga zuciya, kuma ana iya ƙera shi da gangan.

A gidan sinima wannan ba ya cutar da kowa, domin mai kallo ya sayi tikiti, ya san yarjejeniyar. Cikin salula babu tikiti. Yau hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekarun baya yana iya yawo ta WhatsApp da sunan wani gari na kusa, a ce jiya abin ya faru. Na'urori kuma sun kai ga ƙirƙiro fuska da murya na abin da bai taɓa aukuwa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sun faɗi haka ne lokacin da mutum ke gani da idonsa. Hoton salula idon wani ne, wanda ba a san shi ba, ba a kuwa san nufinsa ba.

Saboda haka wanda ya ci nasarar yaƙi da jahilci yana da sauran aiki guda. Kamar yadda ya koyi duba takarda ya nemi sa hannu da kwanan wata da hatimi, haka ya kamata ya tambayi kowane hoto: wa ya ɗauke shi, a ina, yaushe, kuma wa zai ci ribar watsa shi? Idan mai kamara bai tsorata ba inda kowa ya tsorata, idan ya tsaya daidai wurin da ya fi kyaun gani, to a tuna da Hud. Kallon Cloverfield ko Trolljegeren tare da sanin yadda aka ƙera su makaranta ce mai araha ta wannan karatu, kuma malaman yaƙi da jahilci suna iya amfani da irinsu wajen jawo muhawara.

Ma'aikatan hukuma su ma suna da rabonsu. Cikin fina-finan nan biyu, abin da ya ba kaset na tsintuwa daraja shi ne shirun waɗanda ya kamata su yi magana. Duk inda gobara ko ambaliya ko annoba ta auku, kuma sanarwa ta yi jinkiri, jama'a za su karɓi hoton farko da ya zo hannunsu, ko na gaskiya ne ko na ƙarya. Ma'aikacin da ya faɗi abin da ya sani da wuri, cikin harshen da mutane ke ji, a rediyo ko a gaban hakimai da masu gari, ya rage wa jita-jita kasuwa. Ƙarya fure ta ke yi, ba ta ƴaƴa, amma kafin furen ya kaɗe tana iya tashin gari guda.