Gadar Gaya Ba Fagen Daga Ba Ce

Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da barazanar da ECOWAS ta yi na tura sojoji, aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. A 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Yamai ta ƙi, tana zargin maƙwabciyarta da ɓoye sansanonin sojan Faransa. Kwatano ta musanta.

Sojoji ba su gwabza ba, amma 'yan kasuwa sun ji a jikinsu. Wasu suka koma tsallaka kogin Kwara da kwale-kwale, manyan motoci kuma suka zagaya ta Togo da Burkina Faso, inda 'yan bindiga ke tare hanya.

Zargi irin wannan ai abin dubawa ne. A tura wakilan da ƙasashen biyu suka yarda da su, su gano wa idonsu.