Tauraron Da Ya Tsinke Ba Ya Faɗin Ajalin Kowa

A wani dare na bazara, muna shan iska a kan soro a cikin birnin Kano, sai wani haske mai kore-kore ya keta sama ta wajen Dala, ya haska katangu kamar rana ta fito, ya watse kafin mutum ya gama salati. Kafin hantsi, zance ya cika Kasuwar Kurmi cewa wani babban mutum zai faɗi. Har mun ji mai fasa tafiyar fatauci, da mai kai kuɗinsa wurin ɗan duba.

To, jama'a, wannan zance ya girmi Kurmi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wani dare Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune da sahabbansa sai irin wannan haske ya wuce. Ya tambaye su abin da suke faɗa a zamanin jahiliyya, suka ce alamar haihuwa ce ko mutuwar wani babba. Nan take ya kore wannan fassara. Abin da Suratul Mulki da Suratul Jinni suka ambata shi ne jifan shaiɗanu masu satar ji, wannan kuwa gaibu ne, mun yi imani da shi.

Amma abin da ido ke gani, dutse ne da ya faɗo cikin iskar duniyarmu da gudun kilomita da yawa cikin daƙiƙa guda, ya kama ƙuna tun yana nesa da ƙasa. Galibi yakan ƙone ƙurmus. Wani lokaci kuwa saura yakan iso. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin Lardin Katsina na lokacin, dab da wani manomi a gonarsa. Daga baya masana suka gano cewa daga duniyar Mas ya fito, wadda Larabawa ke kira Mirrihu. Wani kuma ya faɗi a Mayo Belwa a 1974.

Abin da ya dame mu shi ne akawun da ya karanta wannan duka a makaranta, amma da ya ga hasken, shi ne ya riga kowa tambayar wane basarake ne ke kwance ba lafiya.