Kumburin Faifan Baya: Allura Na Rage Raɗaɗi, Amma Ba Ta Gyara Faifai

Akwai wani ciwo da duk wanda ya taɓa yin sa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Yana tasowa daga ƙugu, ya ratsa ta mazaunai, ya gangara bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, kamar an jona wa mutum wayar lantarki. Tari ko atishawa na tayar da shi, zama a mota ya fi tsayuwa azaba, ruku'u kuwa sai an cije. A unguwa wani zai ce sanyi ne, wani ya ce basir ne ya hau baya, wani kuma ya fara zargin ko an tsallake wani abu. Sau da yawa musabbabin yana can ƙasan gadon baya, inda ɗaya daga cikin faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwa ya kumburo ya takura wa tushen jijiya.

Ƙasan gadon baya na da ƙasusuwa biyar da ke jere ɗaya kan ɗaya, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifai mai aiki kamar matashi, bayansa tauri, cikinsa laushi. Shekaru da ɗaukar kaya da dogon zama kan sa bangon faifan ya saki ya turo waje, wani lokaci ma ya tsage abin cikinsa ya fito. Mafi yawan matsalar na faruwa ne a faya-fayai biyu na can ƙasa, waɗanda likitoci ke rubutawa L4-L5 da L5-S1 a takardar sakamako, kuma ta nan ne saiwoyin babbar jijiyar ƙafa ke fita. Shi ya sa ciwon ke baya amma ƙafa ce ke kuka.

Dannewar ba ita kaɗai ke kawo raɗaɗin ba. Abin da ya fito daga cikin faifan yana harzuƙa jijiyar, ta kumbura ta yi zafi. A nan allurar sitiroyid ke shigowa. Likita kan tura maganin, galibi haɗe da na kashe zafi, cikin ɗan sararin da ke kewaye da rigar laka, kusa da jijiyar da ta kumbura, kuma ingantacciyar hanya ita ce a yi yana kallon bakin allurar a na'urar hoto. Maganin na kwantar da kumburin jijiya. Ba ya mayar da faifai mazauninsa, ba ya ɗinke inda ya tsage. Wannan ita ce maganar da ya kamata a faɗa wa kowane majinyaci kafin ya biya kuɗi, kuma ita ce aka fi tsallakewa.

Binciken da aka yi a kan allurar bai goyi bayan irin yabon da ake yi mata ba. A shekarar 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani ta auna su, ta duba gwaji 25 da suka ƙunshi mutum 2,470. Ta gano cewa allurar na ɗan rage ciwon ƙafa da naƙasar da yake jawowa a gajeren lokaci, amma bambancinta da allurar da ba ta da maganin ƙarami ne. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a yi tunanin allurar ga wanda ciwon jijiyar ƙafarsa sabo ne kuma mai tsanani, ba ga duk mai ciwon baya ba. Duk da haka kuskure ne a raina ta. Mutumin da ya yi mako biyu bai runtsa ba, idan allura ta ba shi damar barci da takawa da fara motsa jiki, ta yi aikinta. Matsalar tana ga sayar da ita a matsayin waraka.

Warakar kanta yawanci jiki ne ke yin ta da kansa. Galibin masu wannan ciwo suna samun sauƙi sosai cikin mako shida zuwa sha biyu ba tare da tiyata ba. Abin mamaki ma, faifan da ya fashe ya zubo sosai ya fi wanda ya ɗan kumburo saurin raguwa, domin garkuwar jiki na ɗaukar abin da ya fito a matsayin baƙo ta cinye shi a hankali. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2007, ya raba majinyata 283 gida biyu: wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka ci gaba da jinyarsu ba tiyata sai idan ta zama dole. Waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma da shekara ta zagayo ɓangarorin biyu sun kasance kusan daidai.

Hoton MRI ma na bukatar a yi masa kallon tsanaki. Mutum zai tara kuɗin da ya fi albashin wasu na wata, a ɗauke shi, a miƙo masa takarda cike da Turancin likita, ya koma gida yana ganin bayansa ya gama lalacewa. A 1994 mujallar likitanci ta New England ta wallafa binciken da aka ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba su da ciwon komai, aka tarar kashi 52 cikin ɗari na da kumburarren faifai aƙalla guda. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa cikin masu lafiya garau, kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 na da shi, adadin kuma ya kai kashi 84 a 'yan shekara 80. Wato kumburin faifai a hoto kusan kamar furfura yake. Likita nagari yana haɗa hoton da abin da ya gani a jikin majinyaci kafin ya ɗaga allura, kuma wanda ya yanke hukunci daga takarda kawai bai kyauta wa majinyacinsa ba.

Allurar da ake yi bisa ƙa'ida ma tana da nata haɗarin. Sukari kan hau na 'yan kwanaki, abin da mai ciwon suga ya kamata ya shirya masa. Wasu kan yi matsanancin ciwon kai idan bakin allurar ya huda rigar laka. Mai shan maganin tsinka jini dole ya sanar da likita tun kafin ranar. A watan Afrilun 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa, ko da yake ba kasafai ba, allurar na iya jawo makanta ko shanyewar jiki ko mutuwa. Kafin nan, a 2012, gurɓataccen maganin sitiroyid daga wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Masacuset ya sa wa mutum 753 cutar da ta haɗa da sanƙarau na naman gwari a jihohi 20, mutum 64 suka mutu a ƙidayar hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da sa ido sosai a kan magani. Saboda irin waɗannan dalilai likitoci da yawa ba sa wuce allura uku ko huɗu a shekara.

Sai dai a Arewacin Najeriya abin da ya fi tayar da hankali wani ne daban. Kaɗan ne ke kai wa ga waccan allurar ta asibiti, domin tana buƙatar ƙwararre da na'ura da kuɗi. Abin da ɗan dako da direban Adaidaita Sahu da tela da matar aure mai surfe da ɗibar ruwa suka sani da "allurar ciwon baya" shi ne wadda ake yi a bayan labulen kemis: a zuƙo deksametason, a haɗa da diklofenak, a soka a mazaunai. Washegari mutum ya tashi garau, ya fita nema, ya yi ta yabon mai kemis. Bayan mako guda ciwo ya dawo, shi ma ya koma.

Wannan allura ba ta zuwa wurin jijiyar kai tsaye, jiki duka take bi. Idan aka maimaita ta wata da watanni, fuska kan kumbura ta yi zagaye, ciki ya yi tumbi, hawan jini da suga su shigo, ƙashi ya yi laushi, garkuwar jiki ta yi rauni. Kan ƙashin cinya na iya mutuwa saboda ƙarancin jini, kuma mai sikila, wanda dama yana cikin wannan haɗari, sitiroyid na iya tayar masa da ciwonsa. Jiki kan daina samar da nasa sinadarin idan ya saba da na waje, shi ya sa wanda ya daɗe a kai bai kamata ya yanke lokaci guda ba, sai likita ya rage masa a hankali. Shi kuma diklofenak, yawansa na cin ciki da ƙoda. Akwai ma abin takaici na ƙarshe: allurar mazaunai da aka soka ba a gurbinta ba tana iya samun babbar jijiyar ƙafar da ake neman ceto, ƙafa ta saki. Masu gashin ƙashi a asibitocinmu sun san irin waɗannan majinyata, yara da manya.

Lasisin masu ƙananan shagunan magani bai ba su ikon yin allura ba, kuma Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta san da haka, NAFDAC ma ta sani. Ana rufe shaguna lokaci zuwa lokaci, a ɗauki hoto, a buɗe bayan kwana biyu. Amma ɗora laifin duka a kan mai kemis rashin adalci ne. Mutumin da abincin gidansa na yau ya dogara da fitarsa ta yau ba zai iya jiran mako shida ba, ba zai kuma iya kwana a layin kati ba. Kemis ne ke buɗe da dare, shi ne ke ba da bashi.

Haka ake faɗawa tarkon ƙwaya. Binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 na shan magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba. Ba kowa ne ya fara don maye ba, wasu ciwon jiki ne ya kai su. Hukumar NICE ta ce kada a ba mai daɗaɗɗen ciwon jijiyar ƙafa irin waɗannan magunguna, ta kuma hana ba shi piregabalin da ƙwayoyin sitiroyid na sha, saboda illarsu ta rinjayi amfaninsu.

Akwai kuma dalilin da ya sa rufe ciwon baya da sitiroyid ya fi haɗari a nan fiye da Turai. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma cutar na kama ƙashin baya. Mai ciwon baya da ke rama, yana zazzaɓi da gumin dare, yana iya zama ƙashinsa ne ake ci a ciki. Sitiroyid zai lafar masa da zafin ya kuma buɗe wa cutar hanya, har ranar da ƙafafu za su ƙi ɗaukarsa.

Wasu alamomin kuwa ba sa jiran gobe. Idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, idan bayan gida na kufcewa, idan tsakanin cinyoyi da al'aura suka mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa na ƙara rauni har takalmi na faɗuwa, to jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse. Wannan aikin tiyatar gaggawa ne, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Ba na mai ɗori ba ne, ba na ƙaho ba ne.

Ga wanda ba shi da waɗannan alamomi, jinyar ba ta da ban sha'awa, shi ya sa ba a son ta. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu na ƙara sandarar da baya. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana ta fi amfani, a riƙa tashi daga zama kafin ciwo ya tilasta, a durƙusa da gwiwa a rungumo kaya kusa da jiki maimakon a sunkuya. Direba ya saka ɗan naɗaɗɗen tawul a ƙugunsa, ya fito ya miƙe a tsakanin lodi. Taba sigari na rage wa faifai abinci. Malamai kuma sun daɗe da bayyana cewa wanda tsayuwa ko ruku'u ke cutar da shi yana da rangwamen yin salla a zaune, don haka babu dalilin da dattijo zai riƙa jimami a sahu. Atisayen da ya dace kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma likitan fisiyo ne ke tsara shi.

To amma ina likitan fisiyon yake? Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen, manyan asibitocin birane ma haka, amma mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya a kan hanyar da ita kanta ke ƙara masa ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya. Gwamnatocin jihohi ba sa buƙatar na'urar MRI a kowace ƙaramar hukuma kafin su taɓuka wani abu. Ɗaukar likitocin fisiyo a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Haka koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi alamomin haɗari, domin su san wanda za su tura gaba a ranar. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, don haka hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su fito fili su faɗa wa masu rajista zaman gashi nawa suke biya, kuma ko allurar baya ta asibiti na cikin tsarin.

Shi kuma majinyacin da likita ya ce za a yi masa allurar yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya kwanta: wane magani ne, a wace jijiya, da na'urar hoto ko babu, kuma wane atisaye zai fara a makonnin da zafin zai lafa. Idan allurar farko ba ta yi komai ba bayan mako biyu, a koma a sake duba shi kafin a yi maganar ta biyu.