Allon da Ba a Karantawa, na Wane Ne?

Tun shekarar 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Borgu tsakaninsu. Abin da wannan rabo ya bar wa mutanen Bagudo shi ne harsuna biyu na mulki. Daga Tsamiya ko Lolo zuwa gida, Turanci. Da ka tsallaka Segbana ko Malanville, Faransanci. Amma manomin Illo da makiyayin Ka'oje da mai kifi a bakin Kwara, da Hausa da Dandanci da Fulatanci suke ciniki. To, jama'a, allon da ke kan hanyarsu da wa yake magana?

Yanzu kuma ga allon lantarki ya shigo bankuna da asibitoci da tashoshi. Mu 'yan boko muna tafi, wai ci gaba ya zo. Ina ci gaban yake, in rubutun Turanci ne zalla, ƙanana kamar tururuwa, yana wucewa kafin dattijo ya gyara tabarau? Wanda ya kasa karanta gargaɗin kwastan shi ake ƙwace wa kaya. Wadda ta kasa gane layin ganin likita ita ke yini a banza.

Za a ce ai yawancinsu ba su iya karatu ba. Wannan ƙarya ce. Dubbai sun yi makarantar allo, suna karanta ajami sarai. Duk da haka a 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira. Sa'an nan ko wanda bai san baƙi ko ɗaya ba yana gane hoto, yana jin murya.

Gyaran ba wuya. A sa Hausa a sama, da boko da ajami. A yi manyan baƙaƙe masu duhu a kan farin fili. Saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, ya tsaya har a gama karantawa. A haɗa da hoto da lasifika. Kuma kada a yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, don allon da ya ce "baki" maimakon "baƙi" ya zagi masu shigowa.

Ya ku ɗaliban Hausa, fassarar nan aikinmu ce. In ba mu yi ba, wa zai yi?